Guɗar Kafin Garzali

Duk unguwar Gyadi-Gyadi an san Inna Iyatu mai ƙosai da surutu, amma da an tambaye ta garinsu sai ta kama gyaran wuta. Ba rashin gari ba ne. Garin ne ya mutu ya bar ta.

Kafin Garzali sunansa, can wajen dajin Ningi. Kakanta Garzali ne ya kafa shi da shingen itace, zamanin da mahara ke saukowa daga duwatsu suna kwasar mutane. Da aka samu zaman lafiya sai garin ya rasa abin yi. Hanyar mota ta bi ta wani wuri, kasuwa ta bi hanya, samari suka bi kasuwa. Rijiya ma da ta ga babu masu ja, sai ta rufta. Iyatu da marigayi mijinta suna cikin na ƙarshen fitowa.

Shekarar da motoci suka koma hannun dama, 'yarta Saudatu ta haihu a gidan mijinta a Tarauni. Uwar mijin, Hajiya Lami, 'yar birni ce mai dangi kamar ƙasa, ga ta da tsokana.

"Iyatu, tabarma nawa za a shimfiɗa wa mutanenku ranar suna?" in ji Hajiya. "Ko dai a mafarki kika ga Kafin nan? Na sa an tambayi direbobin tasha, ba wanda ya san shi."

Iyatu ta yi dariya, amma maganar ta soke ta. Saudatu take ji wa kunya. A ce yarinya ta yi haihuwar fari, a duba ɓangaren uwa ba kowa sai tsohuwa guda!

Ranar suna gida ya cika da dangin Hajiya, Iyatu kuwa tana zaune ita kaɗai a bakin tabarma, tana ta gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Can sai sanƙira ya leƙo daga zaure ya ce jaririya ta ci sunan Saratu. Sunan mahaifiyar Iyatu ke nan. Daɗi ya kwashe ta, ta manta a birni take, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa irin ta garinsu.

To, guɗar Kafi daban take. Matan garin kan katse ta a tsakiya, su yi tsit su saurara ko mahara na tafe, sannan su ƙarasa. Mahara sun daɗe da ƙarewa, amma guɗar ta zauna a haka. Da Iyatu ta katse, sai matan birni suka tuntsire da dariya.

"Shaƙewa ta yi, a ba ta ruwa," in ji Hajiya Lami.

Iyatu ba ta kai ga ƙarasawa ba, sai aka ji wata murya daga bayan katanga ta ɗauki guɗar daidai inda ta tsaya, ta kai ta ƙarshe. Ba a jima ba wata mata ta faɗo gidan, hannunta duk ƙullun fura.

"Wace 'yar Kafi ce a nan?"

Iyatu ta zuba mata ido. "Indo? Indon Tanko maƙeri?"

Suka rungume juna suna kuka suna dariya. Ashe Indo ta daɗe tana aure a maƙwabta, kuma ta san inda sauran 'yan Kafi suke. Garba na tuƙin tifa a Darmanawa, Inuwa birkila ne a Babban Giji, kowanne kuma ya san wasu. Aka baza aike.

Kafin la'asar tsakar gida ba wurin sa ƙafa, zaure ma ya cika. Mutanen da suka yi shekaru ba su ga juna ba, ko gaisuwa ba su gama ba suka kama musu a kan tsamiyar wa ta fi zaƙi a garin da yanzu ko bango babu. Iyatu ta ɗauki jaririya tana bi da ita mutum-mutum, tana cewa ga kawunki, ga gwaggonki. Da ta juyo ta ga Saudatu a bakin ƙofar ɗaki tana murmushi, sai hawaye suka sake zubo mata.

Hajiya Lami ta fito daga madafa tana sharce gumi. "Iyatu, tuwo fa ya ƙare. Mutanen nan naki sun gama zuwa kuwa?"

Iyatu ta gyara wa jikarta kwanciya a kafaɗa.

"Ɗora wata tukunya, Hajiya. 'Yan unguwar bakin rijiya ne kawai suka iso, 'yan ƙofar gabas suna hanya."