Sikelin da Ya Kasa Karanta Ƙafar Baba

Tun ranar da likita ya ce Baba ya rage kitsen ciki ko hawan jini ya kwantar da shi, hankalina bai kwanta ba. Shi kuwa ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Wai tumbinsa ba kitse ba ne, ƙarfin shekara talatin da biyar yana aikin gini ne ya taru wuri ɗaya. Da na matsa masa, sai ya gindaya sharaɗi: a nuna masa kitsen nan da lamba, ido da ido, zai fara tattaki kullum kamar yadda likita ya ce. In ba haka ba, a ƙyale shi a kujerarsa.

Shi ya sa na sayo sikelin gilashi mai ƙarfe huɗu a kai. Takawa ake yi ba takalmi, ya tura ɗan lantarkin da ba a ji ta tafin ƙafa, ya faɗi kashi nawa ne kitse a jikin mutum. Na saka masa tsawon Baba da shekarunsa. Ni na fara hawa, ya faɗi nawa, na yi maza na sauka kafin Inna ta leƙo. Baba ya hau yana gyara wando. Nauyi ya fito, amma wurin kitse sai 'yan layuka maimakon lamba. Sau uku ana abu ɗaya.

Ba laifin sikeli ba ne. Siminti ya mayar da tafin ƙafar Baba kamar busasshiyar fata, kaushi kan kaushi, ga faso. Shi kuwa kafin la'asar har mai shagon bakin layi ya ji labarin cewa na'ura ta lalube shi kaf ba ta sami kitse ba. Na ji haushi ƙwarai, kuma a ƙarƙashin haushin tsoro ne.

Washegari da safe Inna ta ajiye robar ruwan ɗumi a gaban Baba, ta jawo 'yar kujera, ta ce ya miƙo ƙafa. Mutanen nan da tun da Baba ya bar aiki ba sa haɗa magana uku ba gardama, sai ga ta tana goge masa kaushi da dutse, yana ba ta labarin benen da ya faɗo daga kai, tana ce masa ƙarya yake, hawa ɗaya ne ba biyu ba. In ta gama ta tsane ƙafar da tawul, ta mulke ta da mai, sannan ya hau sikeli. Layuka dai.

Kwana tara ana haka, sai na zauna na karanta 'yar takardar da ta zo cikin kwali. Ashe ƙafa mai ɗan danshi ake so, ba mai ko kaɗan. Na sami Inna a kicin na gaya mata man da take shafawa ne ke hana sikelin aiki.

"Na sani, Auta," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ni ma ai da kaushina. Na hau daga wanki da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ya karanta. Amma ƙafar nan ita ta ciyar da ku, kuma ban taɓa samun ta zauna wuri ɗaya ba sai yanzu. Ki ba ni kwana biyu."

Tausayinta ya kama ni, amma hawan jini ba ya jiran kwana biyun kowa. Na jiƙa tsumma na nufi falo. Baba ya dubi tsumman, ya dubi ƙofar kicin, sannan ya yafito ni da hannu.

"Kashi talatin da huɗu," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na hau ranar da na fito daga wanka, na gani. Gobe da safe ki zo mu fara tafiyar, ki ce rakiya nake miki. Amma kada ki gaya wa Innarki, in ta ji za ta ɗauke robar."