Wurin da Kika Yi Dariya

…kuma har yau da yatsanki nake koya musu. Ba su sani ba. Su dai an ba su aiki: ga bugun zuciyar wani mutum a fayil, ku rubuta wa kwamfuta umarnin da zai tace hayaniyar ciki, ya bar bugun tsaf. Wani mutum, wai. Ke ce fa.

Teburin falo, wayoyi ko'ina, dalma tana hayaƙi — ina ƙaramin malami, na haɗa na'urar auna bugun zuciya da hannuna, ba ni da wanda zan gwada a kansa sai ke, matata. Na maƙala miki ita a yatsa. “Malam, in abin nan ya ja ni, kai za ka shayar da jaririn.” Na ce don Allah ki zauna shiru, kada ki motsa. Ke da shiru? Ina. Kin daure, kin daure… sai gilashina ya zamo kan hanci, kika fashe. Layin bugun da nake ɗauka a kwamfuta ya yi sama, ya yi ƙasa, ya haukace. Haushi na ji ranar, wallahi. Ji mutum.

Shugaban sashe ya ce daga zango mai zuwa a ajiye fayil ɗin. Ya tsufa, akwai masu tsabta a intanet. Da gaskiyarsa. Me zan ce? Marigayiya ce? A taron malamai? Kai kawai na gyaɗa. Wannan ne ajin ƙarshe da zai gan ki.

Fankar ɗakin gwaji sai ƙugi take. Ga wata ɗaliba ta juyo min da kwamfutarta — ita da ta zo ba ta san ko inda ake kunnawa ba — bakinta har kunne. Bugu, bugu, bugu, kamar an jera da rula. Ban taɓa ganin wanda ya tace shi haka ba. Ko ni.

To ina wurin? Na san shi kamar yunwar cikina, can bayan tsakiya kaɗan… babu. Ta goge shi tas. Ni na koya mata.

Ina kewarki, ke. Shekara da shekaru, ashe wanda ya fi iya goge dariyarki nake bai wa maki mafi yawa?

Tana tsaye tana jira.

“Malam, ya yi?”

Ya yi mana, 'yata. Ya yi… bari dai in ɗan zauna tukuna.