Sarƙar Wuyan Dutse

A bakin kasuwa akwai wani dutse mai ƙaton kai da siririn wuya. A ƙarƙashinsa tela yake ɗinki, inda mahaifinsa ya yi. Wanzami da mai gyaran takalmi ma nan suke wuni. Inuwa ta yi musu daɗi, ba mai son ɗaga kai ya duba abin da ke bisansa.

'Yar telan, malamar kimiyya a sakandare, ta yi magana har ta gaji. Ta ce iska tana kwaso yashi, ba ta iya ɗaga shi sama sosai, sai ta riƙa goga shi a wuyan dutsen. Wuya yana cinyewa, kai yana nan da nauyinsa. Wata rana zai rufto wa babanta.

"Iska ta ci dutse?" in ji wanzami. "Da wane haƙori, Malama?"

"Da wanda ta cinye gashin kanka," in ji mai takalmi. Aka yi dariya, kowa ya koma aikinsa.

Ran nan ta kawo wa baban abinci, ta tarar yana fama da sarƙar da ta zagaye wuyan dutsen, wadda ke riƙe da rumfarsa. Ya cire zobe ɗaya, ya rataye a ƙusa. Ƙusar maƙil take da zobba masu tsatsa.

"Baba, waɗannan fa?"

"Sarƙar ce ke miƙewa. Tun zamanin kakanki muke rage ta."

"Kai da kake auna ƙugun mutane kullum. In mutum ya dawo maka da wando ya ce ya yi masa yawa, yadin ne ya ƙaru?"

"Ramewa ya yi."

Yana faɗa ya juya ga ƙusar. Ya sauko da zobban, ya jera su a kan tef ɗin awo. Sun zarce tsawon hannunsa. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon dutsen.

"Kama mini keken ɗinkin nan."

Suka tsallaka titi da shi. Wanzami ya yi ta tsiya, amma da hira ta koma can, shi ma ya ɗauki bencinsa, mai takalmi ya bi.

Da iskar farkon damina ta taso, kan dutsen ya rufto da rana tsaka, ya murƙushe rumfar da ba kowa a ciki. Mutane suka taru cirko-cirko. Tela ko tashi bai yi ba, yana ta taka kekensa.

"'Yata ce ta auna shi," yake gaya wa duk wanda ya wuce.