Tandar Baba Abukari

"Mama, Baba Abukari mutane yake kashewa?"

Zarah ce ta yi tambayar, 'yata mai shekara biyar, a tsakiyar falon da ya cika da mata 'yan zaman makoki. Yarinyar da kullum in na yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci, ran nan Hausa ta zaɓa, da ƙarfi kuma. A daidai lokacin 'yan sanda biyu ke saukowa daga bene da safa a ƙafa, don sun cire takalmansu a bakin ƙofa, kowanne riƙe da doguwar jaka.

Na toshe mata baki. Mma Memunatu, matar mamacin, ta ɗago daga carbinta.

"Bar shi, Maman Zarah, yaro ne," in ji ta, da Hausarsu ta zangon Kumasi wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Takarda yake harbi, Zarah. Shekara da shekaru, takarda kawai. Ko tantabara bai taɓa kawo mini na dafa ba."

Matan suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, aka koma salati.

Katanga ɗaya ta raba mu da su a layinmu na Barking, a Landan. Ni kaina sai ranar na san cewa tsohon nan da ke miƙo wa Zarah tumatir ta saman shinge yana da bindigogi a kulle cikin akwatin ƙarfe, da lasisinsa. Irin na dā ne, waɗanda ake ɗurawa ta baki. Mahaifinsa maharbi ne a arewacin Ghana. Da Baba Abukari ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa sai ya shiga wani club na masu harbin allo, harsashinsa kuma da hannunsa yake zubawa a ɗan shed ɗin da ke ƙarshen lambu. Na sha jin wani wari kamar na ƙonannen kyandir in ina shanya, na ɗauka fenti yake yi.

A ƙofar shed ɗin nan ya rasu. Ina kwashe kaya daga igiya na gan shi zaune kan kujerar roba, hularsa ta faɗi ƙasa bai ɗauka ba. Na yi sallama sau biyu. Kafin ambulance ta iso, rai ya yi halinsa.

Da sadakar arba'in ta matso, Mma ta kira ni. Tana takaba, 'ya'yansu kuma ba sa kusa.

"Ki duba mini tarkacen nan nashi a sayar. Ni ban taɓa shiga ba, ya hana."

Na bar Zarah a falo na shiga. Wurin tsaf yake. Ga wata 'yar tukunyar lantarki mai famfo a gindi, ga ludayin ƙarfe, ga wasu abubuwa jere a bango masu kama da awartaki, kowanne da mariƙin katako. Na buɗe ɗaya, na ga 'yan ramuka a ciki masu siffar harsashi. Ban san sunansu ba balle kuɗinsu. Na ɗauki hoto zan yi posting a intanet, sai na tuna 'yan sandan nan, na fasa.

A bayan ƙofa na ga tanda rataye a ƙusa. Ta baƙin ƙarfe ce, mai nauyi, mai gida bakwai, irin wadda ba a samu ko a shagunan Stratford. Na kai wa Mma. Ta rungume ta tana kuka tana dariya.

"Na uwanshi ne! Daga Kumasi muka zo da shi. Na neme shi har na gaji, ashe ɓarawon yana kwana kusa da ni." Ta share ido. "A ciki za a yi masar sadakanshi."

Na kankare ta da soson ƙarfe. Wani toka-toka ya yi ta fita daga gidajen, na ce ƙurar shekaru ce. Na shafe ta da mai, na jiƙa shinkafa, na kwaɓa ƙullu.

Ranar sadakar da sassafe na fara suya a kicin ɗina. Wainar ta tashi da kyau, gefenta ya yi ja. Zarah ta ci biyu da zuma kafin babanta ya fita da ita park. Na cika kula guda, wadda za a kai masallaci bayan azahar a raba wa yaran Islamiyya. Sai aka buga ƙofar Mma.

Baba Mordecai ne, abokin marigayin a club, mutumin Jos, dogo mai farin gashin baki, ya taso daga Plumstead da sikeli a jaka. Mma ce ta samo lambarsa a wayar mijinta. Na kashe wuta na raka shi shed.

"Waɗannan ba bindiga ba ne, 'yata, kwantar da hankalinki," ya ce. "Amma kada ki sa su a intanet, kowane irin mutum zai buga miki ƙofa. A club za mu sayar, ga waɗanda muka sani."

Ya sauko da awartakin ɗaya ya ce sunansa mould. Ya rufe shi, ya ɗaga saitin taga, ya kanne ido ɗaya.

"Me kake dubawa, Baba?"

"Haske. In haske ya ratsa tsakanin ɓangarorin biyu, ya tashi daga aiki, harsashin zai fito da kunne." Ya miƙo mini. Na leƙa, ban ga komai ba. "To kin gani. Wannan na tagulla ne, shi kaɗai zai yi fam tamanin. Wancan tsatsa ta ci cikinsa, ko kyauta ba mai karɓa. Na sha gaya wa Abukari ya riƙa shafa musu mai. Taurin kai kamar jakin Kano."

"Baba, ni fa 'yar Kano ce."

"Ai shi ya sa na faɗa."

Na yi ta tambaya yana ba ni amsa. Ya jona tukunyar ya ga tana zafi, ya ce famfonta na ɗiga, za a rage mata kuɗi. Ludayin ba shi da wata daraja, amma shi zai saya don ya riƙa tunawa. Sannan ya durƙusa ya janyo wani bokiti daga ƙarƙashin tebur, da ƙyar, ya ɗage buhun da aka rufe shi da shi.

"Ga inda kuɗin yake. Dalma. Ita a kilo ake sayarwa. Yakan narka tsofaffin bututu, ya kwashe dattin, ya zuba ta curi-curi ya ajiye."

Na ɗauki curi ɗaya. Nauyinsa ya ba ni mamaki, amma ba shi ya tsayar da ni ba. Samansa a shafe, ƙasansa a dunƙule, faɗinsa daidai tafin hannu. Tun asuba nake juya abu mai wannan siffar da cokali.

"Baba, a cikin me yake zubawa?"

Ya waiga bayan ƙofa. Ƙusa ce kawai a wurin.

Ban san lokacin da na isa kicin ɗina ba. Na saka curin a gidan tanda, ya zauna daram, ko motsi ba ya yi.

Na kira baban Zarah na ce ya dawo da ita yanzu-yanzu. Na kira 111, layin neman shawarar likita, wata mata ta yi mini tambayoyi ta ce a yi wa yarinyar booking na gwajin jini. Daga nan na ɗauki kular da tandar na shiga wurin Mma.

"Ba za a kai wainar nan masallaci ba, Mma."

Baba Mordecai ya yi mata bayani daga bakin ƙofar falo. Ta saurara har ya gama.

"Amma ai kin wanke shi," ta ce. "Kuma wuta ya ci shi. Abincin sadaka ne, Maman Zarah, ba a zubarwa. Mutumin yana kabari yana jiran ladanshi."

"Ba ta fita da wanki, Hajiya," in ji Baba Mordecai. "Ƙarfen ya riga ya sha."

"Ni zan ci, to. Ni tsoho ne."

Ban taɓa yi mata musu ba tun da muka tare a layin. Ita ta yi mini wankan jego da uwata ta kasa samun biza. Na durƙusa a gabanta, ban saki kular ba.

"Mma, kin tuna yaran Zamfara da dalma ta kashe? Ba su ji ɗaci ba, ba su ji wari ba. 'Ya'yan mutane ne za su ci wannan da sunan Baba. Zarah ta riga ta ci biyu."

Carbin ya tsaya a hannunta.

"Zarah ya ci?"

"Ta ci."

Ta kalli kular. Sannan ta miƙe da kanta ta ɗauko baƙar leda, ta buɗe bakin ledar na juye.

"Ɗaure shi da kyau," ta ce. "Kar dilolin nan su yaga cikin dare, su ma rai gare su."

Sauran ƙullun a 'yar tandar zamani ta wata maƙwabciya na soya shi. Sadakar ba ta isa masallaci ba sai bayan la'asar, kuma ba ta ishi kowa ba.

Kwanakin jiran sakamako ban yi barcin kirki ba. Ko hamma Zarah ta yi sai na taɓa goshinta. Da likita ya kira ya ce jininta lafiya lau, a kan matakalar bene na zauna ina hamdala.

Baba Mordecai ya dawo da kuɗin kayan a ambulan, da drill a jaka. Ya ce shi a ƙa'idarsa, duk abin girkin da aka zuba dalma a ciki sai ya huda shi, don kada wata rana magada su kai shi charity shop wani ya saya. Mma ta ce ya yi, amma a gabanta. A lambu ya huda gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya goge tandar ya miƙa mata. Ta ɗaga ta saitin rana kamar yadda ya ɗaga mould ɗin nan. Ɗigon haske bakwai suka sauka a kan farin mayafinta, ta tsaya tana kallonsu.

Ke da kike karanta wannan, in kin tsinci tsohuwar tanda ko kaskon ƙarfe a shed ɗin wani, ko a kasuwar 'yan gwanjo, ba ki san abin da aka narka a ciki ba, kada ki ɗora shi a wuta, kada ki ba ɗanki abin da ya fito daga ciki.