Jirgin Kara na Mushe Markus

Jirgin ƙarshe da Mushe Markus ya haɗa ya tsinke daga wayoyinsa wata ranar Lahadi da safe cikin watan Janairu, a wani fili da ke bayan garin Tawa. Ya yi arewa, ya ɓace. Matarsa Debora ce ke riƙe da shi.

Markus malamin lissafi ne a wata makaranta ta garin, shi ya sa ake ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman boko da Faransanci. Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Tun yana saurayi yake haɗa ƙananan jirage da karan gero, yana liƙa su da ƙaro, ya sa musu inji mai girman babban yatsa. Wayoyi biyu sirara ke fita daga fiffike zuwa wani mariƙin katako. Mutum ya tsaya tsakiyar fili da mariƙin, jirgi na zagaya shi, shi ma yana juyawa. Sai da mutum biyu ake yi: mai riƙewa da mai saki. Mai sakar wa Markus jirgi shi ne abokinsa Alƙasum, mai gyaran rediyo a kasuwa.

Wannan jirgin Markus ya rufe shi da wani tsohon ɗankwalin Debora, ruwan ɗorawa, don ya fi takarda rashin nauyi. Ya ce nata ne, in sanyi ya shigo zai koya mata. Ya gama shi, bai tayar da shi ba.

Da sanyin ya shigo, Debora ce ta aika a kira Alƙasum. Ta ce su je da sassafe kafin majami'a, ba ta son ƴan kallo.

"Madam, ki bari rana ta hito," in ji shi. "Wanga ɗari ko jaki ba ya son shi."

"In rana ta hito, yara sun cika wurin. Su ga tsohuwa tana juyi kamar dutsin niƙa?"

"Mijinki ya yi, bai ji kumya ba."

"Shi ai ba ya da ita."

Alƙasum ya yi ta bugun farfela da yatsun da suka sandare. Da ƙyar injin ya kama. Debora ta ɗaga hannu, ya saki. Jirgin ya tashi daidai, ya zagaya ta, ya sake zagayawa. Alƙasum ya ce ya ji ta tana dariya, abin da bai ji ba tun rasuwar. Sai wayoyin suka faɗo ƙasa. Jirgin ya miƙe, injinsa na kuka, ya tsallake garkar wani mai albasa ya nufi hanyar ƙauyen Afala.

Alƙasum ya bi wayoyin har ƙarshensu. Guntun katakon da ke haɗa su da jirgin na nan, ƙaron da ke jikinsa ya fashe kamar kwalba.

"Madam, kin lulluɓe shi da sahe?"

"Da mi?"

"Da bargo. Kusa da kaskon wuta. Ƙaro in ya sha sanyi tsagewa yakai. Mushe bai taɓa kawo min jirgi ba sai da ɗumi."

Debora ta san bargon. Shekaru tana ganin Markus yana rufe jirginsa da shi a gefen kasko kafin ya fita, tana yi masa tsiya cewa ya fi jin tausayin kara da matarsa. Ta ɗauka saboda kyanwa yake yi. Wannan jirgin kuwa a zaure ya kwana, rataye, inda ta mayar da shi don kada hayaƙi ya ɓata ɗankwalin.

"Kai da ka riƙe shi, ba ka ji sanyinsa ba?"

"Yatsuna ba su jin komi," in ji Alƙasum.

Ta naɗe wayoyin a kan mariƙin, yadda ta saba gani ana yi, ta tafi majami'a da shi cikin jaka.

Alƙasum ya rufe shagonsa ya yi ta yawo da babur yana tambaya. Wani makiyayi ya ce ya hangi abu ruwan ɗorawa a kan gawo kusa da Afala. Da aka je, leda ce. Alƙasum ya ce zai iya haɗa wani irinsa, tunda ya ga yadda ake yi. Debora ta ce a'a.

Man da ke cikin jirgin ba zai kai shi nesa ba. Har yanzu ba a samu ko guntunsa ba.