Kalmar da Nana Minat Ta Mance

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a kan sunayen Sikitiyawa, wata tsohuwar al'umma da ta shuɗe, a wata cibiyar bincike da ke birnin Vladikavkaz. Mutanen ba su bar mana littafi ba. Abin da muke da shi sunaye ne da Girkawa suka sassaƙa a duwatsun bakin Baƙin Teku, sai kayan kaburbura, sai kuma yarenmu na Osetiya, wanda ya fito daga zuriyar nasu.

Akwai suna ɗaya a jikin wani dutsen kabari da ya hana ni sakat. Rabinsa na farko kowa ya yarda wuta yake nufi. Rabin ƙarshen kuwa na ce na taɓa jinsa ina ƙarama, a bakin ƙanwar kakata, Nana Minat, cikin addu'ar da ake yi gaban sarƙar da ake rataya tukunya da ita a kan murhu. Babu ƙamus ɗin da ya kawo kalmar. Abokan aikina suka mai da ni abin zolaya, wai a mafarki tsohuwar ta faɗa mini.

Ina ta ɗage tafiya ƙauye har ranar da Maharbek, ɗan Nana, ya bugo mini waya ya ce ta faɗi a bakin ƙofa, kwana biyu ba ta yi magana ba. Washegari na hau mota zuwa Digoriya, yankin duwatsun da ƙauyen yake, gabana na faɗuwa a kowace kwana ta dutsen. Kunya ma nake ji, don ban san ko tsohuwar nake tsoron rasawa ko kalmar ba.

Na same ta zaune a gado, an lulluɓe ta da bargo. Bakin ya buɗe, har ta ce na rame kamar akuyar maƙwabta. Bayan mun gaisa na ajiye wayata kusa da ita ina ɗaukar murya, na roƙe ta ta yi mini addu'ar murhu. Ta fara, ta yi layi biyu, ta tsaya. Ta sake farawa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Daga nan ta juya fuska bango ta ce in ƙyale ta, kanta ya zama rariya.

Na jefa wayar a aljihu, na fita tsakar gida na zauna a kan itacen da aka faskara.

Da rana ta yi, matar Maharbek ta gasa gurasa uku masu cuku don godiyar samun sauƙi. Aka jera su a tebur ƙarƙashin tsohuwar sarƙar da ke rataye tun zamanin kakanni, aka fito da Nana a kujera. Maharbek ya miƙe da ƙoƙon giya a hannu ya fara addu'a. Direban babbar mota ne, addu'arsa ma da gudu yake yinta.

"Kai, tsaya," in ji Nana. "Haka ubanka ya koya maka? Ka tsallake wuta kamar ramin titi."

Ya ce, "To Nana, ai abin da na riƙe ke nan."

Ta buga hannun kujera, ta karanto masa addu'ar tun daga farko, cikin faɗa, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. A layi na biyar kalmar ta fito. Na laluba aljihu, sai na ga ashe tun ɗazu wayar na ɗaukar murya, ban kashe ba.

Da aka yanka gurasa na tambaye ta ma'anar kalmar. Ni a rubuce-rubucena na ce harshen wuta ne. Ta yi dariya har da tari, ta ce garwashin da ake binnewa a toka ne don ya kwana da rai, kuma a dā amarya ce ke ɗauko shi daga gidansu.

Wato na yi kuskuren rabin bayanina, dole in sake rubuta babi guda. Ban damu ba ko kaɗan. Na cinye yanka huɗu, matar Maharbek tana ƙara mini, Nana kuwa ta sa ɗanta ya maimaita addu'ar sau uku kafin ta bar shi ya zauna.