Layi na Casa'in da Bakwai

Jarka ta farko a ƙeya ta same shi. Efome yana sunkuye a 'yar rumfarsa ta bakin titin Molyko, yana canja wa wayar wani gilashi, bai ma ji isowarsu ba. Su uku ne, samarin unguwar Bomaka. Kafin ya ɗago, ɗaya ya shaƙe wuyan rigarsa ya fizgo shi waje.

"Kai ne mai ruwan, ko? Tun asuba uwata ke zaune a bakin famfo."

"Ku tsaya in yi muku bayani."

Bayanin ya koma ciki tare da rabin haƙori. Suka yi ta jibgarsa da jarkokin da babu ko ɗigo a cikinsu, suna haɗawa da ƙafa, sai da mai suyar fanke ta kusa da shi ta ɗebo tafasasshen mai a ludayi ta yi kansu sannan suka watse.

Abin ya faro ne daga zauren masu rubuta manhaja na garin Buea, mutum ɗari huɗu da ɗoriya a intanet. Tare suka gina manhajar da ke gaya wa kowace unguwa ranar da famfonta zai kawo. Ranar Talata ta ce wa Bomaka yau ne, alhali sai Alhamis. To a wannan sana'a, kowane layi na rubutun manhaja yana ɗauke da sunan wanda ya taɓa shi a ƙarshe. Tabe, babba a zauren, wanda bakinsa ya kori sababbin shiga fiye da goma, ya duba layin da ya ɓata lissafin, na casa'in da bakwai, ya ga sunan Efome. Ya haɗa hoto, ya manna fuskar Efome a jikin akuya, ya rubuta inda rumfarsa take, ya ce ranar Asabar a kore shi daga cikinsu. Daga zauren hoton ya bazu wayoyin gari.

Efome bai da wata makaranta sai wannan zauren. Kuma duk mai ɗaukar aiki a garin, nan yake tambayar halin mutum.

Kwana uku ya yi a kwance, da ido ɗaya yana tonon tarihin aikin. Sai ya gane. Watan jiya ya ga layukan sun karkace, wani ya shige wani ya fito, ya bi ya daidaita su don su yi kyan gani. Bai canja ko harafi ba, amma sunansa ya hau kan layi ɗari uku. Da ya ɗaga nasa sunan daga na casa'in da bakwai, ga na Tabe a kwance, shekara biyu ke nan. Kuskuren bai tashi ba sai da aka ƙara Bomaka cikin jerin unguwanni.

Ranar Asabar da hantsi suka taru a ɗakin da ke saman wani kantin magani. Tabe yana zaune a kan tebur yana cin gasasshiyar ayaba.

"A'a, Injiniya Jarka, wa ya yi maka kwalliya haka?"

Aka yi dariya, ta wani Mokake ta fi ta kowa.

"Ina kwana, Oga Tabe," in ji Efome. Ya juya wurin Enanga, wadda ke riƙe da ragamar zauren. "Yaya, kafin a kore ni, a ba ni minti biyu."

Ta miƙo masa igiyar majigi. Ya jona kwamfutarsa, layin ya fito a bango, kusa da shi kwanan wata da sunan Tabe. Aka ɗaga wayoyi ana ɗauka.

Tabe ya sauko daga tebur a hankali, kamar zai duba da kyau. Yatsun Efome na kan madannai lokacin da Tabe ya buga murfin kwamfutar a kansu, ya ɗora duk nauyinsa ya danna. Aka ji ƙas, sau biyu. Efome ya durƙushe, bakinsa a buɗe, sauti bai fita ba. Enanga ta ɗaga kujerar roba ta tarwatsa ta a bayan Tabe, mutum huɗu suka kayar da shi, suka ja shi a ƙasa har bakin matakala, hancinsa na zuba.

Mokake ya dawo yana haki. "A turo min hoton Tabe. Na san gidansa, bayan cocin nan na Soppo. Yau 'yan Bomaka za su sha ruwa a kansa."

Efome ya rungume hannunsa a ƙirji. Yatsu biyu sun kalli inda bai kamata ba.

"Ka sa layin, kowa ya gani," ya ce. "Ban da gidan. Da rana tsohuwarsa ce kaɗai a ciki."

"Ji shi fa. An karya ka kana wa'azi?"

"Kai ka fara tura akuyar waje, Mokake," in ji Enanga. "Na gani. Aje wayar."

Ya aje. A gabansu ta cire Tabe daga zauren, ta goge hoton, ta rubuta abin da ya faru. Ta ce a tare ɗan acaɓa, asibiti za su.

"Yaya, tukuna," in ji Efome. "Layin yana nan yadda yake. Gobe unguwar Muea zai yi wa ƙarya."

Ta buɗe tata kwamfutar. Yana faɗa yana cije leɓe, tana bugawa. Harafi shida ne duka gyaran.

"Da sunan wa zan tura?"

Ya share jini da gumi da kafaɗarsa.

"Sa nawa. Ai na riga na sha dukansa."